Kwanukan da Suka Cika Zaure

Zuwa ga autata Zulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba mai farin ciki da 'yarsa. Allah Ya tsare ki a wannan tafiya, Ya tsare jirgin da zai ɗauke ki da hannun da zai tuƙa shi, Ya sauke ki ƙasar Indiya lafiya, Ya dawo mana da ke da ilimin magunguna mai amfani.

Na san za ki yi dariya ki ce, "Baba, tsakanin ɗakinka da nawa taku goma ne, mene ne kuma na wasiƙa?" Dalilin ke nan. Duk ranar da na zaunar da ke zan yi miki faɗa, kafin in kai rabi kin sa ni dariya, na manta abin da na kira ki dominsa. Takarda kuwa ba ta san zolaya ba. Zan sa ta a jakar da kike ajiye fasfo, don na lura ba kya wuni ba ki buɗe ta sau biyar ba. Ki karanta yau, kada ki bari sai kin shiga jirgi, domin akwai aikin da nake so ki yi kafin Asabar, ranar tafiyarki.

Murna dai ina cikinta, har ta yi mini yawa. Duk wanda ya gaishe ni a ƙofar masallaci, ko bai tambaya ba sai na gaya masa 'yata za ta Indiya karatu. Amma ban manta yadda aka kai ga tafiyar ba. Takardar makaranta ta zo, Ummanku ta ce ba za ki je ba, nisan ya yi yawa, ke ce auta. Ke kuma kika shiga ɗaki kika daina cin abinci. Kwana huɗu ana kai miki kwano ana dawowa da shi a rufe. A rana ta huɗu ta tsaya bakin ƙofarki ta ce, "Je ki, Allah Ya kiyaye." Kika fito da tsalle, kika cinye shinkafa da wake a tsaye, kina ganin kin yi nasara. To, ki sani wannan dabara ba ke kika ƙago ta ba. A wurina kika gaje ta, ni kuma daga can inda za ki na aro ta.

Muna sakandare akwai malaminmu na lissafi, mutumin Indiya, siriri, ga alli kullum a gashin girarsa. Idan ya ga lissafi ya gagare mu mun fara hamma, sai ya ajiye alli ya ba mu labarin wani shugaban ƙasarsu. Ke kin san wanda nake nufi, tsohon nan mai sanda da tabarau, wanda za ki riƙa ganin hotonsa a kan kuɗinsu. Ya ce mutumin ya yi karatun lauya a Ingila, yana sa kwat kamar Bature. Ya je aiki Afirka ta Kudu, aka jefo shi daga jirgin ƙasa don ya zauna a taragon da Turawa suka keɓe wa kansu. Daga nan ya canja. Da ya koma gida sai ya tuɓe kwat, ya riƙa kaɗa zare da hannunsa, ya ce mutanensa su sa abin da suka saƙa, su bar yadin Ingila. Da Turawan mulki suka hana talaka ɗiban gishiri, ya ɗauki sandarsa ya taka da ƙafa har bakin teku, jama'a na biye da shi, ya sunkuya ya ɗiba. An ɗaure shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, bai taɓa cewa a rama duka ba. Da ƙasar ta sami 'yanci bai karɓi kujerar gwamnati ba. Kuma da mutanensa suka shiga kashe juna, Musulmi da mabiya addininsa, sai ya daina cin abinci, ya ce ba zai ci ba har sai an ajiye makamai. Aka kuwa ajiye. A ƙarshe wani daga cikin mabiya addininsa ne ya harbe shi, yana kan hanyarsa ta zuwa wurin addu'a.

Duk sanda malamin nan ya kawo wannan wuri sai ya cire tabarau ya goge. Ni kuwa ina bencin baya, na kasa kunne. Lissafi dai ban iya ba har muka gama, amma tsohon nan ya zauna mini a zuciya daram.

Bayan shekaru, ina koyarwa a firamare, na auri Ummanku, yayanku Kabiru yana goye, aka buga gangar siyasa. Na ce ni ma zan tsaya takarar kansila a nan unguwarmu Sheshe, kuma irin siyasar tsohon can zan yi. A nan na tafka kuskurena na farko. Na rantse ba ni ba shadda, ba ni ba duk wani yadin kamfani. Na je wurin masaƙa na sa aka yi mini riga da wando na saƙi, na fito ina taku ɗai-ɗai, ina jiran a ce ga mai son talaka. Na manta cewa a Kano saƙin hannu tufar manya ce. Ina wucewa ta majalisar maɗinka sai na ji wani ya ce, "Ikon Allah! Malam Habu tun bai hau kujerar ba ya fara shigar hakimai. Idan ya hau kuma sai alkyabba." Abin da ya nuna talauci a can, a nan taƙama ya nuna. Daga ranar aka laƙaba mini Ba'indiye, sunan da ya bi ni har furfura.

Saboda haka, Zulai, idan kin je, kada ki ɗauka abin da kika sani a gida shi ne a can. Kafin ki yanke wa mutane hukunci a kan tufarsu, ko gaisuwarsu, ko yadda suke kaɗa kai, ki sami wata mai hankali a cikinsu ki tambaye ta. Idan kuma kin dawo, kada ki sauke mana al'adar wasu a tsakar gida ba ki auna ta da mutanen gidan ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko girma, ya kuma fi shi ban dariya. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, lambatun da ke bakin lungunmu ya toshe. Ana yin ruwa sai ƙazanta ta biyo lungu ta shiga gidaje, mata na kwarfa da ƙwarya har su gaji. Na rubuta wa hukuma takarda, shiru. Na sake rubutawa, shiru. Sai na ce to, ga ranar da na daɗe ina jira. Na shimfiɗa tabarma a zaurenmu, na sami kwali na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba zan ci abinci ba sai an gyara lambatu, na jingina shi a bakin ƙofa. Ummanku ban gaya mata ba. Sai da ta kawo koko da ƙosai da safe na ce ta mayar, ina yajin cin abinci. Ta dube ni, ta dubi kwalin, ta ɗauki kayanta ta koma ciki.

Na zaci kafin azahar labari zai kai sakatariyar ƙaramar hukuma, ciyaman ya zo da kansa yana ba ni haƙuri. Wanda ya fara zuwa shi ne maƙwabcinmu Goni Bukar, malamin nan ɗan asalin Barno da ya koya wa rabin unguwar nan karatu, Allah Ya ji ƙansa. Ya tsaya ya karanta kwalin a hankali, sannan ya zauna.

Ya ce, "Malam Habu, wannan wane irin azumi ne, ba sahur ba buɗa-baki? A wane littafi ka gan shi?"

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba azumi ba ne, siyasa ce. Haka wani babban shugaba ya yi a Indiya."

Ya ce, "To, madalla. Shi wanda kake yi dominsa, ya san ka?"

Na ce, "Zai sani."

Ya ce, "Idan ya sani, zai kasa cin nasa tuwon?"

Na ce dai a zuba ido a gani. Goni ya shafa gemu, ya yi mini addu'ar samun sauƙi kamar wanda ya zo dubiya, ya tafi.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne mutanen Sheshe. A unguwar nan idan aka ce wane bai ci abinci ba, ba wanda zai tsaya karanta kwali. Ko dai ba shi da lafiya, ko babu a gidan yana jin nauyin faɗa, ko kuma shi da iyalinsa ba sa ga maciji. Kuma duk ukun maganinsu ɗaya ne: a kai masa kwano. Kafin la'asar an aiko da tuwon dawa da miyar kuka daga gidan Goni. Gidan maɗinka suka aiko da dambu. Wata tsohuwa da ban taɓa magana da ita ba ta zo da kanta da fura damammiya, ta ce, "Ɗan nan, ko ba ka iya cin mai nauyi, kurɓi wannan." Na yi bayani har muryata ta dishe. Kowa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, Malam, Allah Ya sawwaƙe," ya ajiye kwanonsa ya tafi.

A rana ta biyu kwanuka suka cika zaure, har sai an ɗaga ƙafa kafin a wuce. Samarin unguwa da suke zuwa taya ni gwagwarmaya suka ce bai kamata abinci ya lalace ba. Suka kewaye ni suka yi ta kai loma, suna cewa, "Malam, muna bayanka, kada ka sassauta!" Ni ina zaune a tsakiya, ƙamshin man shanu yana shiga mini hanci, cikina yana ƙugi har na kusa da ni na ji. Ban taɓa sanin ina da magoya baya masu yawa haka ba, ban kuma taɓa jin haushin mutane kamar yadda na ji nasu ba.

Ashe labari ya canja kama a hanya. Kafin ya isa Dukawuya, gidan su Ummanku, ya zama cewa Rabi, wato ita Ummanku, ta daina yi wa mijinta girki, har maƙwabta ne ke ciyar da shi. A rana ta uku da hantsi sai ga kakarki Hajiya Yalwa, mahaifiyar Ummanku, ta yi sallama a zaure, riƙe da kwano a naɗe cikin ɗankwali. Samari suka watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Kin san yadda ake tsakanin mutum da surukarsa. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Na sauka daga tabarma na durƙusa, kaina a ƙasa.

Ta ce, "Habu, me Rabi ta yi maka?"

Na ce, "Wallahi ba ta yi mini komai ba, Hajiya. Lambatu ne."

Ta ce, "Lambatu. Rabi ce ta toshe shi?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

Ta ce, "To, ni ban san Indiya ba, ban san ciyaman ba. Abin da na sani, jiya a gidan suna an nuna ni da baki, an ce ga uwar wadda ta bar mijinta da yunwa. Ga tuwo nan na tuƙa da hannuna. Ko ka ci, ko ta ɗauko mayafinta mu tafi."

Zulai, Turawan mulki ba su taɓa sa tsohon can a irin wannan tsaka mai wuya ba. In ƙi ci, na raina surukata. In ci a gabanta, na yi rashin kunyar da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu. Na yi tsuru-tsuru. Ita ma ta gane. Sai ta gyara zama, ta juya fuskarta ga bango, ta ba ni baya, ta ce, "Ni ban ga kowa ba. Bangon nan naku ma yana son yaɓe." Na jawo kwanon nan. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe. Har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba, kuma sai da ta ji ina kankare gindin kwano sannan ta juyo.

Lambatu kuwa, Goni ne ya gama da shi. Bayan azahar ya tara samarin nan ya ce, "Kwana biyu kuna cin tuwon unguwa, yanzu sai ku biya unguwa da ƙarfinku." Aka fito da shebur da kwanon sarki, ni ma na naɗe wandon saƙina na shiga. Kafin magariba ruwa ya wuce, mata suna guɗa daga cikin gidaje. Ciyaman har ya sauka daga mulki bai san an yi wani yaji a Sheshe ba. Zaɓe kuma na sha kaye, kayen da har yau idan na tambayi Ummanku ko ita ta zaɓe ni, sai ta ce ƙuri'a sirri ce.

Ga abin da na koya, ki riƙe shi. Yunwar tsohon can ta yi aiki ne domin mutanen da yake yi dominsu suna ƙaunarsa, ba za su iya jure ganin ya mutu ba. Wannan makami ba ya kama wanda bai damu da kai ba. Mai sonka kaɗai yake yanka. Shi ya zare shi ne don a daina zubar da jini. Ni na zare shi a kan lambatun da shebur goma suka gyara a yini guda. Idan wani abu ya dame ki a can, a makaranta ko a masauki, ki fara neman shebur da mutanen da za su kama miki. Kuma idan maƙwabciya ta miƙo miki kwano, in dai halal ne, ki karɓa ki ci ko yajin ya sa ki hawaye, kada kuma ki mayar mata da shi ba komai a ciki.

Kuskure na uku ba na ba da shi a majalisa, ke ce ta farko da zan gaya wa. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan ana dariya, ina ganin ni kaɗai na sha wuya. Sai ranar sunanki, Hajiya Yalwa tana bayan labule tana yi mini barka, ta ce, "Habu, wannan dai kada ka koya mata yaji. Wancan karon Rabi kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, ga goyo tana shayarwa." Na ji kamar an kwaɗa mini guduma. Ina zaure ana kallona ana jinjina mini, ita tana ciki ba mai kallonta, tana girki tana kasa ci, ga zunɗe a kanta. Kuma ko a ranar ban iya ba ta haƙuri ba. Girman kai ya sa na yi ta jan ƙafa har kika fara tafiya. Da na yi magana, sai ta ce, "Malam, ai ba yunwar ce ta dame ni ba. Ka zauna da kowa ka yi masa bayani, har da masu cinye maka tuwo. Ni ce kawai ba ka tambaya ba."

Daga baya na karanta cewa shi ma tsohon can, duk da girmansa, gidansa ya ɗanɗana. Babban ɗansa bai ji daɗin zama da shi ba, sun rabu ba a shirye ba. Ban daina ganin girmansa ba, amma na daina ɗaukarsa mala'ika. Idan kin sami hutu ki je inda ya zauna, ki gano mini abin kaɗin zarensa, ki ɗauko hoto in ga ko ya yi kama da mazarin kakanninmu. Amma ki tambaya kuma a nuna miki inda matarsa take zama. Duk babban mutumin da kika ga duniya na kallo, ki leƙa ki ga wa ke cikin gida yana ɗauke da nauyinsa.

Yanzu ga aikin da na ce. Kwana huɗun nan da kika yi a ɗaki, Ummanku ma ba ta ci ba. Wannan karon na sa ido, don an taɓa yi mini. Tana zuba naki ta rufe, ta zuba nawa, nata kuma ta mayar tukunya. Maganin hawan jininta ma da ruwa kawai take haɗiye shi, ke da za ki karanci magunguna kin fi ni sanin abin da hakan ke yi. Na yi mata magana ta ce kada in kuskura in gaya miki. Ga shi na gaya miki, in ya so ni da ita mu ƙare.

"Je ki" ɗin da ta ce, tsoron kada ki faɗi ne ya fitar da shi. Izini kin samu, amma ni ba izini nake so ki hau jirgi da shi ba, albarka nake so, wadda ta fito daga zuciyar da ta huce. Tana haɗa miki kaya, ta daka miki yaji da kuka da daddawa, tana dariya da 'yan rakiya, amma ni da na zauna da ita shekarun nan na san ba ta huce ba. Ba tafiyarki take ƙi ba yanzu. Abin da ke cinta shi ne kin yi mata irin abin da na yi mata: kin fi ƙarfinta, ba ki tambaye ta ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ta yi dambun shinkafa da zogale, don ta san shi kike so. Kada ki ɗauki naki ki shige ɗaki kina latsa waya. Ki ɗauko kwano ɗaya, ki zauna kusa da ita a tabarma, ki ce ba za ki ci ba sai ta sa hannu. Wannan yajin kam na yarda ki yi shi. Ki ba ta haƙuri da bakinki, sannan ki tambaye ta abin da take tsoro game da Indiya, ki yi shiru ki saurara har ta gama, ko da abin ya ba ki dariya. Ni na ɗauki shekaru kafin in yi haka. Ke kwana uku gare ki.

Na san ku biyun, kunya za ta hana ku idan ina wurin, ga shi kuma ba inda za ni, don ba zan bar dambun ba. Saboda haka zan ɗauki kujerata in fuskanci bango, in ba ku baya. Bangon namu har yanzu yana son yaɓe, zan daɗe ina dubansa. Sai na ji kuna kankare gindin kwano zan juyo.

Allah Ya yi miki albarka, Zulai. Ya sa ki fita da yardar mahaifiyarki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba, Ya tsare miki sallarki da lafiyarki da mutuncinki. Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya, ki same mu ni da Ummanku muna raye muna jiranki a wannan zauren. Amin.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Habu, wanda tsofaffin Sheshe har gobe suke kira Ba'indiye.